Rakiyar Lusiya Zuwa Gonar Magei

Tun da na dawo ba ni da sakat. A masallaci, a kantin nama na Wendover, har a wurin aiki, duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Hawa, yaya Meziko? Da gaske ne suna cin tsutsa?" Ranar sunan jikan Hajiya Balki mata suka sa ni a tsakiya, na fara ba da labarin, ban yi nisa ba murya ta ƙi fita. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga farko, wadda ta sake tambaya in miƙa mata. Amma ku sani ba yawon buɗe ido na je ba. Maƙwabciyata na raka gida.

Sunanta Lusiya, mu muna ce mata Maman Anita. Gidansu na jikin namu a unguwar Glenwood ta garin Greensboro, nan Amurka, shingen waya ne kawai tsakani. Ita 'yar Meziko ce, ni 'yar Tanut ce ta Nijar, Turancinmu duka na 'yan koyo, amma da shi muka yi shekaru muna hira ta saman shingen. Lokacin da nake aikin yamma a gidan kula da tsofaffi, ita ke tarbar 'ya'yana in motar makaranta ta sauke su, ta ba su abinci, kuma ba ta taɓa sa musu abin da addininmu ya hana ba. Mijinta Ramon aikin rufin gidaje yake yi can wajen Summerfield. 'Ya'yansu biyu, Anita mai shekara goma sha ɗaya da ƙaninta Daniyel, duk nan aka haife su.

Ciwon daji ne ya kama ta a ciki. An yi mata aiki, an yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, daga ƙarshe likita ya ce su koma gida, babu abin da ya rage sai maganin rage raɗaɗi. Ta daina cin abinci. In na kai mata kunu sai ta kurɓa sau ɗaya don kada in ji ba daɗi, ta ajiye.

Wata rana ina goge mata jiki ta ce, "Hawa, abu ɗaya raina ke so. Ruwan magei."

Na ce, "Ruwan me?" Don ni mage na ji. Da na gaya mata cewa a Hausa kyanwa ke nan, ta yi dariya har ta dafe ciki. Ta ce wata shuka ce ta ƙasarsu, babarta ke ɗebo ruwanta safe da yamma, mai zaƙi, shi ya sa suke kiransa ruwan zuma. Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Ba na so in mutu a ɗakin nan a sa ni a akwati a aika wa babata kamar kaya. Ina so ta gan ni idona biyu."

Matsalar kun san ta. Ita da Ramon ba su da takardar zama. Wanda ya fita, ya fita ke nan. In Ramon ya bi ta babu hanyar dawowa, babu mai riƙe yaran. Yaran ma ta ce ba za su je ba, ba ta so su ga ƙarshen abin. Jirgi tana tsoronsa saboda bincike, ita kaɗai kuma ko banɗaki ba ta iya kai kanta. Ni ce mai fasfon Amurka, ni ce kuma na san yadda ake juya mara lafiya.

Da na gaya wa Malam, maigidana, ya zauna ya dube ni. Can ya ce, "Ƙasar da ba ki san kowa ba, ba kya jin yarensu."

Na ce, "Malam, ita ma haka ta zo nan, ta riƙe mana yara."

Ya ce, "Haƙƙin maƙwabtaka ne. Allah ya tsare hanya. Ki riƙa kira."

Akwai wani mutum, Beto, mai doguwar mota, yana jigila tsakanin nan da jiharsu, Hidalgo, yana kai wa mutane kaya da saƙo. Wanda ya san direbobin Zinder zuwa Agadas ya san shi. Tirela ya ja a baya da lodin da ya fi motar tsawo: kekuna, talabijin, keken ɗinki, har da firji. Ya cire kujerar baya ya shimfiɗa mana katifa.

Da safe muka tashi, kafin motar makaranta ta zo. Daniyel ya ɗauka asibiti za ta koma, ya sumbace ta ya tafi neman takalminsa. Anita ta gane komai. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakar makaranta a baya ta ƙi matsowa. Uwar ta kira ta, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta taje mata kai ta yi mata kalaba biyu.  Ramon ya ɗauki matarsa kamar jaririya ya kwantar da ita a katifar, ya gyara mata matashi, ya sake gyarawa, ya sake, har Beto ya dafa kafaɗarsa. Ramon ya biyo mu a motar aikinsa har inda za mu hau babbar hanya, ya tsaya a gefe. Lusiya ba ta iya ɗagowa ta duba. Ta ce, "Yana nan?" Na ce yana nan. Ta yi ta tambaya ina cewa yana nan, har bayan na daina ganinsa.

Amurka da faɗi take, 'yan'uwa. Mun wuce Atlanta, mun shiga Alabama, hanya ɗaya, itatuwa iri ɗaya, gidajen mai iri ɗaya. Ni dambun nama da kilishi na riƙo, da garin kunu. Beto mutumin kirki ne amma bai san mu ba. Tsayawarmu ta farko ya sayo soyayyar fatar alade ya miƙo mini da fara'arsa. Daga kwance Lusiya ta wanke shi tas da Sifaniyanci, ya cire hula yana ba ni haƙuri. A Alabama kuwa na shimfiɗa sallaya a bayan tirela, ina cikin sujada sai na ji hannu a bayana. Wata Baturiya ce tsohuwa, ta ɗauka faɗuwa na yi, tana ihu a kira motar asibiti. Da na sallame na yi mata bayani, ta ji kunya, ta ce to in sa jikanta a addu'a, yana soja.

A Luwiziyana muka kwana, a wani ƙaramin masauki na gefen hanya. Rufin gidajen wajen har yanzu da shuɗin tamfol tun guguwar bara. Mai masaukin ya daɗe yana kallonmu: baƙar mace da hijabi, mutum da hular kaboyi, da wata a rame da babu gashi a kanta. Bai dai tambaya ba. Da safe na kai Lusiya wanka. Banɗakin da ƙaton madubi, ita kuwa tun da ciwo ya yi tsanani Ramon ya cire na gidansu. Ta tsaya tana kallon kanta, ta ce, "Babata ba za ta gane ni ba." Na buɗe jakata na ɗauko ɗankwalin atamfata kore, na ɗaura mata irin ɗaurinmu. Ta juya kai hagu da dama ta ce, "Yanzu na zama Hajiya." Da shi ta ƙarasa tafiyar.

Texas kaɗai ta cinye mana yini. Kwana na biyu a Laredo muka yi shi, bakin iyaka, muka ƙetare da hantsi. Gada ce a kan wani kogi da bai kai Gulbin Maraɗi da damina ba. Da muka hau Lusiya ta ce in ɗaga ta. Na jingina ta da ƙirjina ta kalli ruwan. Ta ce, "Ta cikinsa na shigo, kayana a kai, Ramon na riƙe da hannuna. Yau ga ni ta sama, da rana tsaka, ko sunana babu wanda ya tambaya." Gaskiya ne. Masu fita babu ruwan Amurka da su.

Duwan ɗin Meziko, wato kwastan, suna da wata dabara. Maɓalli ne za ka danna, in koriyar fitila ta kama ka wuce, in ja ce a buɗe kayanka. Ni da na danna ja ta kama. Jami'in ya wuce magungunan Lusiya da takardar likita ba gardama, sai ya ci karo da ƙullin daddawata. Ya kwance, ya shinshina, ya ja da baya ya kira abokinsa. Kuka ma suka tsaya a kanta, koren gari a leda. Ni ba baki, sai nuni nake yi da hannu kamar mai tuƙa miya. Beto ne ya cece ni. Kilishin dai sun riƙe shi, wai nama ba ya shiga. Ina zargin a cikinsu ya kwana.

Muna yin nisa da iyakar sai na ga kamar gida aka mayar da ni. Ƙasa busasshiya, ƙaya, awaki, jaki da kaya, mata na talla a bakin hanya, sojoji sun gitta shinge kamar jandarmominmu. A wani gari, Matehuwala, muka yi kwana na uku, a gidan baƙi mai tsakar gida da tukwanen furanni. Matar gidan ta ga hijabina ta ɗauka 'yar zuhudun coci ce ni, ta kama hannuna ta sumbata. Ko da aka yi mata bayani ba ta fasa girmama ni ba. Abincinsu masara ce, ana yin ta faifai-faifai a gasa a kasko ba mai, a ci da wake. Waken ne matsala, da kitsen alade suke dafawa. Sai na koma cin masarar da fiya da yajina, kuma wallahi ba laifi.

Washegari na fara ganin magei. Ku ɗauki kabar giwa ku ninka ta har ta fi mutum tsawo. Kowane ganye kauri gare shi kamar cinya, da ƙaya a gefe, da wata doguwa a baki kamar basilla. Jere suke shuka ta a iyakar gonaki, yadda muke yi da aguwa. Lusiya ta sa aka buɗe taga, wai tana jin ƙanshinta. Ni ban ji komai ba.

Ƙauyensu na kan tudu, bayan wani gari da har yau ban iya faɗin sunansa ba. Babarta, Mama Huwana, 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba. Su ma ashe suna da yarensu na gado, Sifaniyanci a wurinsu kamar Faransanci ne a wurinmu. Na shirya jin kururuwa, ba ta yi ba. Ta hau motar da rarrafe, ta durƙusa a gefen katifar, ta kwance ɗankwalin, ta shafa kan 'yarta tun daga goshi har ƙeya, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta mayar da ɗankwalin ta ɗaura, a karkace. Sai da Pedro, ƙanin Lusiya, ya ɗauke ta ya shiga da ita ɗaki na ga tsohuwar ta zagaya bayan ɗakin tana share ido. Ban bi ta ba.

Da gari ya waye ta taɓa ni ta yi mini nuni in biyo ta. Ta rataya wani dogon abu a kafaɗa, na duba da kyau, zunguru ne, irin wanda muke zura hannu in mun sa lalle, sai dai an huda shi sama da ƙasa. Ga yadda abin yake. Shukar sai ta shekara goma ko fiye kafin ta isa. In ta isa sai a yanke zuciyarta, a rarake tsakiyar ta zama kamar ƙwarya, a rufe da dutse. Ruwa sai ya riƙa taruwa a ciki. Mama Huwana ta ɗage dutsen, ta zura zungurun, ta sa baki ta zuƙa har ya cika, ta toshe da yatsa ta juye a tulu. Sannan ta kankare cikin ramin da wani ƙarfe mai kama da cokali don ya sake tsatsafowa. Haka safe da yamma har watanni, sai shukar ta bushe, 'ya'yan da ta fitar a gindi su gaje ta.

Ta miƙo mini in ɗanɗana, na tsaya. Na san mazan ƙauyen da wannan ruwan suke buguwa. Lusiya ce ta warware mini daga baya: kamar bammi ne, sabon ɗiba ruwa ne mai zaƙi da ake ba jarirai ma, sai ya yini ya kwana yake tsami ya zama giya, ita suke kira pulke. Na yi bisimilla na kurɓa. Kamar ruwan rake ne da aka sirka, da ɗan ƙanshin ɗanyen ganye.

Ba a kofi ta kai wa 'yarta ba. Ganyen shukar ta yanko ta lanƙwasa ya zama kamar ludayi, ta tallafo kanta ta ba ta. Ina tsaye da roba a hannu ina jiran amai, don na saba. Bai zo ba. Lusiya ta lumshe ido ta ce a ƙara. Da rana tsohuwar ta dama kunun masara da ruwan, ba sukari, ta sha rabin kofi. Washegari ta shanye kofi guda. Na yi shekaru ina aikin jinya, na sha ganin mara lafiya ya farfaɗo na 'yan kwanaki a ƙarshe, na san me ake nufi da hakan. Duk da haka na bar zuciyata ta sa rai.

Mutanen nan da shukar nan kamar mu ne da giginya, babu abin yarwa. Ruwan in an dafa shi ya yi kauri ya zama zuma. Furen, wanda ke fitowa a kan wani dogon itace in an bar shukar ba a yanke ta ba, ana soya shi da ƙwai, na ci, kamar zogale ne mai ɗan ɗaci. Fatar ganyen ana ɓare ta siririya kamar takarda a ƙulle nama a ciki a turara, yadda muke ƙulla alala. Zaren ganyen shi ne igiyarsu, shi ne soson wankansu, da shi suke saƙa zanen goyo da na ɗaukar kaya. Busasshen ganye kuma makamashi.

Batun tsutsa kuwa, ga amsarku. Wani dattijo maƙwabcinsu ya zo gaishe ni da ƙwarya cike da pulke, fari kamar nono, yana yauƙi. A wurinsu ƙin karɓa cin fuska ne. Na haɗa hannu ina girgiza kai, shi kuma yana ƙara matso da ita. Daga ɗaki Lusiya ta ɗaga murya ta yi masa bayani. Ya kalle ni da tausayi ya yi wata magana, kowa ya fashe da dariya. Wai cewa ya yi, "Ba ta shan pulke, ba ta cin alade, me baiwar Allah ta yi aka hukunta ta haka?" Ya tafi ya dawo da wasu jajayen tsutsotsi da ake samu a saiwar shukar, gasassu. Na ce a raina, ke da kika tashi da cin fara, me za ki faɗa? Na ɗauki ɗaya. Fara ce da hayaƙi. Ban dai ƙara ba.

Waya ɗaya ce a ƙauyen, a kantin wata mata. In an kira mutum sai ta faɗi sunansa a lasifika duk gari ya ji. Ranar Lahadi aka kira sunan Lusiya. Pedro ya goya ta da zanen nan na zaren magei, na bi su da kujera. Mutane na layi, kowa na ji. Ta ce wa Daniyel ya riƙa wanke baki. Ta ce wa Ramon, "Ina ci, har ƙiba na fara." Da aka ba Anita, tana yi mata Sifaniyanci yarinyar na amsawa da Turanci, kamar dai namu yaran. Ina jin 'yar muryar ta cikin wayar tana cewa kalabar ta fara warwarewa amma ta hana kowa taɓawa. Lusiya ta miƙa mini wayar ta juya fuska bango.

A nan na kira Malam, don an ce za a yanka tunkiya saboda zuwanmu. Ya ce, "Ai ma'abota littafi ne. Ki yi bisimilla ki ci." Rami suka haƙa kamar na rini, suka hura wuta har duwatsun ciki suka yi ja, suka gasa ganyen magei ya yi laushi suka shimfiɗa, suka jera naman, suka rufe da ganye da ƙasa. Sai washegari aka tone. Ban taɓa cin nama mai laushinsa ba, da yatsa biyu kake zare ƙashi. Duk ƙauyen ya zo. Aka fito da Lusiya inuwa, kowa ya zo ya durƙusa ya kama hannunta, ƙawayen ƙuruciya, malamarta ta firamare, tsofaffi. Ga kiɗa, ga yara na guje-guje, kamar biki. Amma babu wanda ya tambaye ta yaushe za ta koma.

Da mutane suka ragu ta nuna mini jeren magei na bayan gida. Ta ce babanta ne ya dasa su shekarar da ta tafi, ya rasu ba ta zo jana'iza ba, sai bana suka isa yanka. Sannan ta kama hannuna.

"Hawa, Anita ta kusa zama mace. Babanta ba zai iya ba, kunya za ta hana shi. Ke za ki zaunar da ita ki gaya mata komai. In ta yi rashin kunya ki yi mata faɗa kamar taki."

Na ce, "Maman Anita, ai tawa ce."

Ta ce, "Kada ki bari ya yi ta zama shi kaɗai. In ya samu mace ta gari ki ce na yarda. Amma ki duba ta da kyau tukuna."

Hutun da aka ba ni a wurin aiki ya ƙare, Beto kuma ya gama rabon kayansa zai juya. Na koya wa Pedro yadda ake ba da maganin, na nuna wa Mama Huwana yadda ake juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Safiyar da zan tafi, ina haɗa kaya, na juya ban ga Lusiya a gado ba. Na fito da gudu. Tana can bayan gidan wurin magei, da ƙafarta ta taka, tana dafe da sanda, tana tsaye a kan Pedro yana kankare ramin magei. Faɗa take yi masa, wai yana ci da zurfi zai kashe shukar tun lokacinta bai yi ba, wai tun yana yaro hannunsa nauyi gare shi. Ta karɓi ƙarfen ta nuna masa. Sannan ta sha ruwan a tsaye, yana zuba a haɓarta.

Mama Huwana ta ba ni kwalbar zumar da ta dafa in kai wa jikokin da ba ta taɓa gani ba. Ta miƙo hannu ta kama fuskata ta yi magana da yarensu. Lusiya ta ce, "Wai ki gaida babarki." Ni da Lusiya ba mu yi doguwar sallama ba. Na ce zan kira ranar Lahadi. Ta ce in na ga Ramon in ce ya aske gemun nan.

Dawowa ba ta da labari. Na zauna a gaba, katifar na naɗe a baya. Layin shiga Amurka ya ci mana rabin yini, jami'in ya ɗaga kwalbar ya duba a rana ya mayar mini. Duk tsawon Texas da Luwiziyana da Alabama ina shirya abin da zan faɗa. Zan ce ta ci, ta sha, ta taka da ƙafarta. Har na fara tunanin ko in an yi hutun makaranta in kai mata yaran.

Da la'asar muka iso Greensboro, filin wani kanti inda Beto ke sauke kaya. Tun daga nesa na hango Ramon da farar riga, ranar aiki. Yaran na gefensa. Malam ma yana tsaye tare da su, shi da ya kamata a ce yana wurin aiki. Na sauko na nufe su.

Malam ya ce, "Hawa, sai haƙuri. Kwana ɗaya da tahowarki. Har an binne ta."

Ramon ya ce, "Ni na hana a kira ki. Kina hanya."

Na tsaya da kwalba a hannu ban san inda zan sa ta ba. Muka shiga motar Malam, Ramon a gaba, ni da yaran a baya. Muka kama hanyar gida. Sai Ramon ya ce, bai juyo ba, "Da kika sauko daga mota na ga bakinki da magana. Me za ki faɗa?"

Na ce ai yanzu ba shi da amfani.

Ya ce, "Ki faɗa. Mu ba mu gani ba."

Sai na faɗa. Na ce ta sha kunu kofi guda, ta ci nama kaɗan ranar taro. Na ce safiyar ƙarshe ta tashi da ƙafarta ta je wurin magei a bayan gidan ta tsaya a kan Pedro tana yi masa faɗa, wai hannunsa nauyi gare shi. Ramon ya yi dariya, dariya ta gaske, ya ce, "Ita ce. Ita ce wannan." Sannan ya kifa kai a gaban motar, kafaɗunsa na rawa. Anita ta matso ta jingina da ni. Ta ce, "Anti Hawa, sake faɗa, daga inda kika duba gado ba ki gan ta ba."

Na sake. Har Malam ya tsaya a ƙofar gida ya kashe mota ban gama ba, kuma babu wanda ya buɗe ƙofa.